Shirin Yaƙin Baffa Saje da Gidan Amininsa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, kira ya zo kan Baffa Saje, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida bayan rasuwar ƙanensa. Bai bar ɗa ba sai ni, matarsa kuwa ta riga shi da daɗewa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na zauna a tabarmar makokinsa kwana uku ina jin abin da ake faɗa a kansa, na ga idan na yi shiru, abin da zai rage masa a bakin mutane shi ne dattijon nan da bai yarda da kowa ba. Haka ne, bai yarda ba. Amma maganar tana da saura.

Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya yi addu'a a shafa, sannan ya ɗan yi jim, ka ga bakinsa na motsi da wata maganar. Mai unguwa ne ya fara sakin tasa. Ya ce, "Shekara talatin ina shiga zauren nan, ban taɓa ganin ƙeyar Saje ba. Kullum bango a bayansa, ƙofa a gabansa." Mai shayin bakin titi ya karɓe, ya ce shi kam marigayi bai taɓa kurɓar shayinsa ba sai ya ga an zuba wa wani daga butar, ya sha, ya lashe baki. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan rasuwa a bi ta da istigfari. Ni ma na yi, ko da yake raina ya sosu.

Da azahar wasu tsofaffin sojoji biyu suka iso daga Rijiyar Zaki. Ɗayan ya je ƙofar ɗakin Baffa ya ƙame, ya sara wa ɗakin da ba kowa ciki. Ɗayan ya ja ni gefe ya ce, "Malamin makaranta, ina takardunsa? Irinmu ba ma mutuwa ba takarda. Ka duba kafin wani ya riga ka." Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa tsofaffi don su kyale mutum.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, Liman. Shi ya wanke Baffa, shi ya sallace shi, ya dawo ya zauna a ƙarshen tabarma hawaye na bin gemunsa. Liman aminin Baffa ne tun suna yara, katangarmu ɗaya da shi, kuma surukina ne, 'yarsa nake aure. Gonarmu tana bayan tasa. Babu hanyar shiga gonarmu sai wani siririn burtali da ya ratsa ƙasarsa, iyakarmu kuwa layin ciyawar gamba ne da kakanninmu suka dasa, ba takarda, ba shaida. A nan wajenmu, tsakanin Minjibir da birni, gona jikin gona take, taku ɗaya na ƙasa yana raba zumuncin shekara hamsin. Gidajen nan biyu ba su taɓa zuwa gaban dagaci ba, abin da kowa ke ba da misali da shi kenan.

Yaran gari sun ɗauka Baffa ya kashe mutane a soja. Bai taɓa harbin ko zomo ba. Akawu ne, mai buga tafireta a ofishin da hafsoshi ke zama su tsara abin da za a yi idan kaza ya faru. Daga can ya dawo mana da fansho, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, da wata ɗabi'a da ta hana gidanmu sakat. Idan ya cire takalmi a masallaci sai ya juya bakinsu waje. Ba ya zuwa kasuwa ya dawo ta hanyar da ya bi. Rumbunansa biyu, ɗaya a gida, ɗaya can gefen titi a wani ɗan fili da ya saya, ya share kewayensa ƙal. Kowace safiya kuma sai ya bi layin gamba daga farko zuwa ƙarshe, hannu a baya, yana auna taku. Idan ka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Sau ɗaya muka yi sa-in-sa da shi a kan wannan, lokacin ina sabon malamin firamare, ina jin kaina. Na tarar da shi yana auna gamba, Liman kuwa yana can a gonarsa yana ɗago masa hannu. Kunya ta kama ni. Na ce, "Baffa, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mutumin nan kuna cin tuwo kwano ɗaya."

Ya dube ni tun daga hula har silifa. Ya ce, "Zauna, mai karatu." Na zauna a kan kunyar gona.

Ya ce wata rana an miƙa masa wani fayil ya buga. Yana bugawa sai ya ga ashe shiri ne na yadda za a yi idan faɗa ya haɗa mu da wata ƙasa maƙwabciya: wace gada za a tare, wace rijiya za a tsare, mota nawa za su bi ta ina. Abin da ya ɗaure masa kai, a wannan makon sojojin ƙasar suna barikinsu ana atisaye tare, hafsansu da namu suna cin nama faranti ɗaya, suna kiran juna ɗan'uwa. Ya kasa haƙuri ya tambayi ogansa ko yaƙi za a yi. Ogan ya yi dariya ya ce ba yaƙin da za a yi, kuma ya tabbata su ma suna da irin wannan fayil a kanmu, idan ba su da shi to ba sojoji ba ne. Ogan ya ce shi ya yarda da abokinsa na can ƙasar ɗari bisa ɗari, abin da bai sani ba shi ne wanda zai zauna kujerar abokin gobe.

Baffa ya ce, "Ka ji? Ba niyyar mutum ake yi wa shiri ba, abin da hannunsa zai iya kaiwa ake yi wa. Niyya takan kwana ta tashi daban."

Na ce, "Baffa, nan ba bariki ba ne."

Ya ce, "Ko'ina akwai iyaka bariki ne." Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba.

Duk da haka ba zan ɓoye ranar da gari ya daina yi masa dariya ba. Wata shekara da rani wuta ta tashi daga madafin gidan Liman da tsakar rana, maza duk suna kasuwa. Kafin mata su gama salati Baffa ya fito da tsani da bokitai da ba wanda ya san yana da su, ya jera mata daga rijiya zuwa katanga, ya ce wa kowa ga inda za ta tsaya, ya hau da kansa ya yaye dannin da ke tsakanin gidajen. An tsirar da ɗakuna, amma rumbunan Liman uku sun zama toka. Da yamma Baffa ya je rumbunsa na gefen titi, wanda ake ce wa rumbun mahaukaci, ya buɗe, ya ce wa Liman, "Ka ɗauka naka ne, kada ka sake yi mini maganarsa." Daga nan gidan Liman suka ci har sabon gero ya fito.

Ranar sadakar uku, muna waje ana rabon waina, matata ta shiga share ɗakin Baffa. Ita ta yi jinyarsa, ita ta san inda yake ɓoye mukullai. Ta buɗe akwatin don ta fitar da tufafin da za a bayar. Ina sallamar baƙi aka ce in shigo. Na same ta tsaye da mayafinta a kai, ƙaramar 'yarmu a baya, ta miƙo mini wani littafi mai bangon kwali.

Ta ce, "Malam, karanta shafi na tara."

A saman shafin farko Baffa ya rubuta da manyan baƙaƙe, SHIRI IDAN GIDAN LIMAN SUKA JUYA MANA BAYA. Na buɗe shafi na tara. Kansa shi ne "Da ɗan gari akan ci gari," a ƙasa kuma: "Matar yaron 'yar gidansu ce. Kada a yi maganar gona, ko rumbu, ko dagaci a inda kunnenta yake."

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina dama masa kunu. Da hannun nan na kwashe kashinsa. Ashe 'yar leƙen asiri aka ɗauke ni." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta fita ta ƙofar gida, ta shiga ƙofar da ke kusa da ita.

Na zauna a gadon Baffa na karance littafin. Wallahi na ji haushinsa, na ji kamar in je maƙabarta in tambaye shi. Ba abin da ya bari. Ya zana burtali da rijiya da layin gamba, ya rubuta takun da ke tsakanin kowane tushe. Ya jera dattawan da za su iya ba da shaida, da wanda zai tsaya, da wanda buhun taki zai juya shi. Ya bi 'ya'yan Liman ɗaya bayan ɗaya. A kan babban, mai sayar da hatsi a Dawanau, ya rubuta: "Zuciya a kusa. Shi zai fara, kuma da burtali zai fara, lokacin da amfani ke gona." Rumbun gefen titi ma yana ciki: an gina shi ne don idan aka toshe burtali a samu abin ci a wajen da hannunsu ba ya kaiwa. Wato hatsin da ya ciyar da gidan Liman wata biyar, don yaƙi da gidan Liman aka tara shi.

Magana ba ta kwana a ƙauye. Washegari da sassafe na nufi gona, inda dammunan geronmu ke jibge ba a kwaso ba, ga hadari yana ta haɗuwa a gabas. Na tarar an toshe bakin burtali da ƙayar magarya har ƙirji. Yayan matata, babban ɗan Liman, yana tsaye a bayanta da hularsa a goshi.

Ya ce, "Tunda yaƙi kuka shirya, to ga shi nan. Ka je ka duba littafin ya gaya maka ta inda za ka bi."

Abin kunyar shi ne na je na duba. Yana nan a shafi na sha biyu: kada a taɓa ƙayar, kada a mayar da magana, a samo shaidu biyu su gani da idonsu, a wuce mai unguwa a tafi kai tsaye wurin dagaci. Har na sa hula. Na tsaya a zaure ina tunanin cewa idan na taka ƙofar dagaci, gero zai shigo gida, amma matata ba za ta shigo ba. Kuma na kama kaina ina tambaya: anya Liman bai san da ƙayar nan ba? Anya hawayen nan na tabarma duka na Allah ne? Kwana ɗaya tak littafin ya yi a hannuna.

Ina nan tsaye Liman ya leƙo da kansa, abin da suruki ba ya yi. Ya ce, "Bayan la'asar ka zo da shi."

Na same shi a zaurensa a kan buzu, babban ɗansa a gefe yana huci, na kuma ga gefen zanen matata a bayan ƙyaure. Liman ba ya karanta boko. Ya ce, "Karanta mini. Daga farko, kada ka tsallake ko wasali."

Na ce, "Baba, a yi mini afuwa."

Ya ce, "Karanta."

Ban taɓa shiga tashin hankali irin na wannan yammacin ba. Ina durƙushe a gaban surukina ina karanta masa yadda za a kayar da shi a gaban dagaci. Da na zo wurin da aka ce Liman yana da saurin yafiya, don haka a fara lallaɓa shi kafin 'ya'yansa su zuga shi, ya ce "Uhm." Da na zo kan babban ɗansa da burtali, ya juya ya dubi ɗan, ya daɗe yana dubansa, har hucin ya tsaya. Da na zo shafi na tara na ga wani ƙaramin rubutu a gefe da ban lura da shi ba jiya, hannun tsufa ne, yana rawa. Na karanta: "An gwada ta sau uku da maganar ƙarya a kan gona. Ko ɗaya ba ta tsallaka katanga ba. Yarinyar nan ta fi ni."

Daga bayan ƙyaure matata ta ce, "To me ya hana shi goge na saman?" Duk mun san Baffa ba ya goge komai.

Shafin ƙarshe layi-layi ne, magana ɗaya ana ta maimaitawa, da biro kala-kala, tun daga rubutun mai ƙarfi har zuwa na mai rawar hannu. Kowace kaka, idan amfani ya shiga rumbu, sai ya ƙara layi ɗaya: "Bana ba a buƙata ba. Alhamdulillahi." Liman ya ce in karanta su duka. Na ce ai duk iri ɗaya ne. Ya ce shi dai in karanta. Na yi ta karantawa, yana jan carbi ɗaya a kan kowane layi.

Da na gama ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Saje ya yi kuskure wuri ɗaya." Muka ɗago gaba ɗaya. "Ya ɗauka idan zan ci gonarku ta burtali zan zo. Wannan aikin yara ne. Ni da zan yi, gamba zan bi. Kowace damina, ƙasa na da laushi, in ciro tushe ɗaya in matsar da shi tafin hannu. Shekara goma, kunya biyu sun dawo wajena, ba wanda ya ji."

Babban ɗansa ya ce, "Haba Baba!"

Ya ce, "Rufe mini baki. Shekarar da aka haifi ƙanenka na biyar, abinci ya yi mini kaɗan, damina uku ina wannan tunani. Har na taɓa fita da fartanya. Sai na hango shi yana tafe, hannu a baya, yana auna takunsa, ya ɗago mini hannu ya ce, 'Liman, an tashi lafiya?' Na ce lafiya lau, na yi kamar ciyawa nake cirewa." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Kuna cewa bai yarda da ni ba. To da ya yarda da ni a shekarun nan, da yau na wanke shi da haƙƙinsa a wuyana."

Ya sa ɗansa ya je ya kwashe ƙayar da hannunsa, ya ce kuma amalankensa ce za ta kwaso geronmu kafin ruwa ya sauko. Ɗan ya tafi ba don ransa ya so ba, ko kallona bai yi ba. Sannan Liman ya jawo tawadarsa da alƙalamin kara, ya ce in buɗe masa shafin ƙarshe. A ƙarƙashin layin Baffa na bara ya rubuta da ajami, a hankali, yana furtawa: "Bana ba a buƙata ba. Alhamdulillahi."

Na ce, "Baba, bari in kai shi murhu, a huta."

Ya riƙe hannuna ya mayar mini da littafin. Ya ce, "Ajiye shi. Ni na kusa bin abokina. Ƙayar nan da ka gani da safe ba ni na zuba ba, kuma ba kullum zan kasance a nan in sa a kwashe ba."

Matata ta dawo bayan sadakar bakwai. Ta ce ta yafe wa Baffa tunda yana ƙasa, amma kada in kuskura in ce mata ya yi daidai, ni kuwa ban ce ba, don ban sani ba. Ni da yayanta muna gaisawa, gaisuwar da ba ta wuce ta masallaci. Littafin yana cikin akwati, mukulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurinta, ita ta ce a yi haka. Shekaranjiya da safe ta biyo burtali ta gan ni a bakin gamba, hannuna a baya. Ta juya ta koma gida, ni kuma ban fasa ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baffa Saje, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa zaton da ya yi wa bayinKa, wanda ya zama gaskiya da wanda bai zama ba. Ka sa shi a gidan da ba a auna iyaka, inda zai iya juya wa ƙofa baya ya yi barci. Mu kuma da ya bari da littafin, Ka kai mu kaka mai zuwa, Ka ba ni ikon rubuta layin nan da hannuna.